Yadda Gwaggo ta Koya Mini Gyaran Rediyo

Ku da ke zaune bakin tasha da kwamfuta da igiyoyin caji, kuna tura wa mutum waƙa ɗari kafin shayinsa ya huce, na ji abin da kuke faɗi. Wai aikinmu na da ba aiki ba ne: a kwance rediyo, a hure ƙura, a ɗaure, a miƙa wa mai shi. To ku gyara zama. Ni Labbo na haura shekara arba'in ina gyaran rediyo da rikoda tsakanin Isa da Sabon Birni, kuma za ni gaya muku yadda anka koya mini. Malamaina biyu ne. Ɗaya na zauna gabansa shekara shida. Ɗayar mace ce, ban taɓa ganinta ba, ba na kuma jin yarenta.

Rediyon babana ne ya kai ni. Mu mutanen Gangara ne, noma munka gada, ni kuma lokacin na zama saurayi, ban san komai ba sai hauya. Rediyon mai batir huɗu ne, an ɗinka masa rigar fata, sai ya ɗauke magana ana tsakar damina. Baba ya kwana biyu bai ji labarin duniya ba, ya ce abin ya ishe shi, ya naɗe shi cikin tsumma ya ce in kai Isa wurin Malam Cindo.

Malam Cindo Bagobiri ne dogo, tsagensa har kunne. Ya yi shekaru a Yamai da Abijan yana aiki a shagunan mutane, ya dawo gida da Faransanci kaɗan, da mita mai allura, da garmaho mai aiki da batir, da wani akwatin ƙarfe da ba mai taɓa shi sai shi. Ya karɓi rediyon. Ya kwance bayansa, ya kai hanci ya sansana, ya ƙwanƙwasa da gindin sukudireba, ya ce, "Waya ɗaya ta tsinke. Amma lasifikar ma ban yarda da ita ba." Ya zaro ƙarfen dalma daga cikin garwashi, ya ɗiga, hayaƙi ya tashi. Sannan ya buɗe akwatin nan, ya fiddo baƙin faifai, ya goge shi da hannun riga, ya ɗora kan garmaho, ya jawo wayoyi biyu ya haɗa da lasifikar babana.

Sai wata mata ta buɗe baki.

Ta fara can ƙasa-ƙasa, kamar mai yi wa maƙwabciya magana ta kan darni. Ganga na tafiya a hankali, masu busa na jira. Can ta ɗaga, ta ƙara ɗagawa, wasu mata sunka karɓa mata daga baya. Ni da na zo da niyyar kama motar azahar in koma, sai ga ni tsugune.

"Malam, wace ce wagga?"

"Gwaggo ce."

"Gwaggon wa?"

"Gwaggon duk mai kunne. Baƙar fatar Amurka ce. Can suna ce ma kiɗan sol. Ka ji 'yan amshinta? Ta ba da, su karɓa. Ina ka san irin wanga?"

Na ce, "Nan gida mana."

"Ashe kana da kunne. Gaya ma babanka lasifikarsa lafiya lau."

Da anka gama girbi na yi ta roƙon baba har ya gaji, ya kai ni Isa da kansa ya damƙa ni hannun Malam.

Shekarar farko ban taɓa rediyon kowa ba. Gawayi na hura. Shagon ba wutar lantarki, ƙarfen dalma biyu ne, ɗaya a hannun Malam, ɗaya cikin garwashi. Aikina shi ne duk sadda ya miƙo hannu, ko waiwayowa ba ya yi, ya sami mai zafi daidai. Daidai ɗin nan kuwa ita ce sana'ar. In zafin ya yi yawa, sai ya ɗaye siririn jan ƙarfen da ke kwance kan allon rediyo, ka kashe wa mutane kaya. In bai kai ba, dalma ta dunƙule kamar kashin awaki, ta riƙe yau ta saki jibi. Kusa da kunci ake kawo shi a ji. Ga tabon nan ku duba, ranar da na kawo shi kusa fiye da kima ce.

Bayan shagon akwai ɗakin da muke ce ma maƙabarta, cike da matattun rediyoyi. Ba inda za ka sami ƙananan kayan cikin rediyo irin su kwandansa ko tiransisto sai Sakkwato ko Maraɗi, don haka matattu ke ciyar da rayayyu. Can na yi shekara ta biyu, ina cirewa, ina aunawa da mita, ina jerawa cikin gwangwanayen madara. Can na koyi liƙe takardar lasifika da ƙaro, da yanka bel daga tsohon tif ɗin keke in ba a sami na kanti ba.

Amma Malam ya ce mita abin da ya mutu take nunawa, ba ta nuna abin da ke ciwo. Wannan sai kunne. Shi ya sa ba aikin da ke barin shagon sai mutanen cikin akwati sun wanke shi. Faifan sun kai talatin. Gara ta cinye kwalayensu tun a Abijan, saura biyu ko uku, mu kuma ba mai karatun boko cikinmu, sai Malam ya raɗa musu sunaye. Akwai Mai Kururuwa, mai ihu kamar an taka masa ƙafa, ganga da busa na dukan wuri ɗaya. Shi ke tona asirin lasifikar da takardarta ta tsage. Akwai 'Yan Kwat, samari masu kaya iri ɗaya a hoton, da ɗayansu mai murya kamar daga cikin rijiya. In ya sauka ƙasa, duk kusar da ba ta ɗauru ba sai ta yi magana. Akwai Mai Jita, na kiɗan rok, wanda jitarsa ke kuka tana gurnani. Wanga wuya gare shi, don sai ka san inda shi ya ɓata sautin da gangan kafin ka gane inda rediyo ya ɓata. Na taɓa kwance lafiyayyar lasifika sau uku ina neman wata ƙara, ashe ta mutumin ce. Malam na kallona yana cin goro, sai da na ɗaure karo na uku, sannan ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Gwaggo ce ta ƙarshe. In ta hau can sama muryarta ta fito tas, ba karkarwa ba shaƙewa, to a ɗaure kusoshi a kira mai kaya.

Ta haka kiɗan nan ya shiga jikina, ta hanyar aiki. Kalma ɗaya ban sani ba, amma na san wanda ke roƙo, na san wanda ke godiya, na san wanda anka ɓata wa rai yana rawa a kan haka. Har yau in ina ɗiga dalma ƙafata ta hagu na bin gangar Mai Kururuwa, ko da shagon shiru.

Da rikoda ta yawaita, allurar garmahon ta cinye, aka rasa wata ko'ina. Malam ya ce mu kwashe kafin ta mutu gaba ɗaya. Wata guda munka yi muna ɗauka a kaset, faifai bayan faifai, ni ina rubuta sunayen da ajami. Allah ya sa munka yi, don bazarar da ta biyo baya zafin rufin kwano ya lanƙwasa faifan kamar busasshen ganyen kabewa. Ranar da ya yaye ni, yanar ido ta riga ta fara rufe masa gani. Ya turo mini akwatin da ƙafa, cike da kaset ɗin.

"Ɗauka. Ni na haddace su, kai za su yi ma aiki. In na yi marmari ka zo da su."

Haka anka yi. Na buɗe nawa shago gefen kasuwar Sabon Birni, kuma kowace Sallah sai in ɗaure rikoda da kaset uku-huɗu a bayan babur, in tafi Isa mu wuni a zaurensa.

Masu kawo mini aiki iri-iri ne. 'Yan kasuwar da ke kai kaya Nijar su zo da rikodar da yashi ya cika, suna sauri, mota na jira. Fulani su zo da rediyo yana ƙamshin hayaƙi da man shanu, su zauna su zuba ido kan hannunka har ka gama, kada ka musanya musu wani abu. Na taɓa buɗe rediyo na tarar da ƙwan ƙadangare bakwai. Wani tsoho ya ce nasa ba ya kama komai sai tashar Faransanci, in cire masa Faransancin.

Aikin da har yau ake yi mini tsiya da shi na lasifikar masallacin unguwarmu ne. Babba ce, mai baki kamar masaki. Zanzaro ya yi gini ciki, zaren wayarta ya ƙone. Kwana biyu na yi ina naɗa sabo, waya siririya kamar gashi, ina ƙirga zagaye, in mutum ya yi sallama in amsa da kai kada lissafin ya ɓace. Ranar kasuwa da hantsi na gama, ladan na tsaye yana jira. Na haɗa ta da amfilifaya da batirin mota, kuma bisa sabo na danna Gwaggo. Abu biyu na manta: ladan ya bar maɓallin ƙarar amfilifayar a ƙurya, kaset ɗin kuma ya tsaya daidai inda take hawa sama.

Kasuwa ta tsaya cak. Jakin mai itace ya tsinke igiya. Masu awon gero sunka miƙe da kwano a hannu suna duban sama. Ni kuma na rasa wace waya za ni fizge. Da na samu na kashe, ladan ya dube ni, ya gyara rawani.

"Labbo, ban ji mi take cewa ba, ba ni kuma son in sani. Amma wagga baiwar Allah da namiji ce, da na rasa aikina."

Ya saɓa lasifikarsa ya tafi. Daga ranar, kayan masallaci da sallama nake gwada su.

Mugunyar shekarar kuwa ta ruwa ce. An kwana uku ana zuba shi, ina Gangara wurin noma, da safe labari ya zo gulbi ya haura ya shiga gari. Hanya ta yanke, sai da na kwana biyu na samu na shiga. Na tarar ruwa ya ja baya ya bar laka har gwiwa, bangon shagon na gabas ya zube kan tebur. Kayan mutane goma sha wani abu, duk sun sha. Gonaki ma sun tafi, don haka shekarar nan ba mai ta rediyo, kowa ta ciki yake yi. Na wanke na mutane ɗaya bayan ɗaya, wanda ya tashi ya tashi, wanda bai tashi ba na ba mai shi haƙuri, kuma ba wanda ya ɗaga mini murya, don kowa da irin tasa asarar. Rani ya same ni ina kabu-kabu da babur zuwa ƙauyuka, ina gyaran tocila.

Akwatin yana ƙarƙashin tebur, ruwa ya cika shi. Ku da kuke cewa aikin sauƙi ne, ku ji yadda ake ceto kaset da ya sha laka. Ka kwance kusoshi biyar, ka ɗaga murfi a hankali kada zaren ya watse. Ka tsoma shi cikin ruwan randa da ya kwanta, ba na gulbi ba, ka canza ruwa har ya daina yin ja. Ka warware shi gaba ɗaya ka shanya a inuwa, don in rana ta taɓa shi ya tafi ke nan. In ya bushe ka bi shi da tsumma mai laushi taku-taku, ka naɗe da biro, ka sa shi cikin sabon gida. Ɗan soson nan da ke danna zare a kan hed, wato ƙarfen da ke karanta sautin, ya ruɓe, sai ka yanko wani daga tsohuwar hular dara. Inda ya tsinke ka yanka da reza a karkace, ka haɗa da salatif siriri ta baya. Kaset ɗaya, wuni biyu.

Ɗakin matata Kulu ne kaɗai bai jiƙe ba, can na ɗaura igiyoyi. Ta shigo ta ga zare na reto ko'ina, ta riƙe haɓa.

"Maigida, ɗakina ne wanga ko wurin shanyar taliya?"

"Yi haƙuri, wata ɗaya ne."

Wata uku anka yi. Ita ke korar kaji, daga baya ma ta fi ni iya naɗi da biro. Mai Kururuwa ya tashi, ya ɗan dishe amma ya tashi. 'Yan Kwat sun tashi. Mai Jita ya tashi, shi da ma ba a gane inda ya ji ciwo.

Gwaggo ce ba ta tashi ba. Ba ta cikin akwati, tana cikin rikodar da ke kan tebur, bango ya danne ta kwana biyu cikin laka. Da na taɓa zaren sai shafen nan ruwan ƙasa mai riƙe sauti ya biyo yatsana, ya bar leda fara fat. Da Sallah na tafi Isa da sauran. Lokacin Malam ya makance sarai. Munka ji Mai Kururuwa, munka ji 'Yan Kwat, sai ya ce, "Sa Gwaggo." Na gaya masa gaskiya. Ya ce, "Allah ya mayar da alheri," ya shiga tambayata farashin gero. Ban taɓa jin ya tambayi farashin komai ba sai ranar.

Na nema. Na bi wani direba har Maraɗi, na shiga layin masu kaset. Sunka ce mi sunanta, na ce Gwaggo. Sunka ce to rera mu ji. Ni da gemuna na tsaya tsakar kasuwa na maƙale murya ina hawa sama. Wani ya yi mini irin kiran girmamawar 'yan Nijar, ya ce, "Patoro, tsaya, kada ka ji ma kanka ciwo," ya ba ni kujera da ruwan sanyi. Sun yi dariya sun ƙoshi, amma sun zazzage kwalaye sun sa mini mata sun fi ashirin. Akwai masu kyau ƙwarai, har na taho da biyu. Babu ita.

Sai da kaka ta zagayo, wata ranar kasuwa, wani Bafillace mai suna Jaɓɓi ya shigo da rikoda a saɓe. Sun dawo daga mashekari ke nan, inda suke kai shanu da damina. Ya ce ta cinye masa kaset, ta ƙi tofarwa. Aikin kullum ne: 'yar tayar roba ta yi danƙo, zare ya naɗe mata. Na kwance, na zare shi da tsinken tsintsiya a hankali, na goge tayar da sipirit, na naɗe da biro. Da na juya kaset ɗin in mayar, sai na ga rubutun ajami ya kusa gogewa. Hannuna ne.

"Jaɓɓi, ina ka sami wanga?"

"Kai ka ba ni. Ka manta? Shekarar da rikodata ta faɗa rafi na kawo, ka gwada da matar nan, na ce ina so, ka ɗaukar mini. Tun sannan ita ake sa wa in ana tatsa. Shanu sun saba."

Wallahi na manta. Na danna, ta fara can ƙasa-ƙasa. Na kashe da sauri, don ban yarda da fuskata gaban mutane ba.

"Ara mini ita wuni ɗaya."

"Jam, ba komai. Amma gobe za ni dawo. In farar saniyata ba ta ji ta ba, ba ta sakin nono."

Na sa ta cikin rikoda mai baki biyu na kwafi uku da gudu, murya a kashe, don mutane sun cika shago. Wannan ne karo na farko a rayuwata da aiki ya bar hannuna ban saurare shi har ƙarshe ba. Washegari da Jaɓɓi ya karɓi kayansa na hau babur sai Isa.

Na tarar da Malam a zaure kan tabarma, yana shan hantsi. Ban gaya masa komai ba, munka gaisa, na ajiye rikoda na danna. Ganga ta fara, ya ɗaga kai. Da ta buɗe baki ya lalubo gwiwata ya riƙe. Tana tafiya, tana ɗagawa, 'yan amshi na karɓa, ta ɗauki numfashi za ta hau can sama, sai ƙat! Shiru. Sai saniya ta yi kuka, doguwa, kamar a cikin zauren take. Ga ƙarar nono na zuba a ƙwarya, ga wata mata na faɗa da Fillanci, ga muryar Jaɓɓi daga nesa yana tambayar wa ya taɓa. Sai ƙat kuma, Gwaggo ta dawo tana saukowa abinta.

Nan take na gane. Kaset yana da ɗan kunne a sama, wanda ake karyewa don kada a yi ɗauka a kansa. Ban karya na Jaɓɓi ba, wani a ruga ya danna jan maɓalli. Laifina ne tun na shekaru, ga shi ya fito gaban malamina.

"Malam, a yi mini afuwa. Za ni yanke wurin in haɗa, ba mai ganewa."

Na ga kafaɗarsa na rawa, ashe dariya ce. Ya yi ta har tari ya sarƙe shi, hawaye na bin tsage.

"Ka yanke mi? Matar nan kakanninta daga ƙasashen nan anka kwashe su zamanin bauta. Ta sha hanya ta dawo gida, ta tarar ana tatsa, an yi mata maraba, kai kuma ka ce za ka yanke? Maida baya in sake ji."

Sau biyar munka ji kafin azahar. Kowane karo in saniyar ta yi kuka sai ya amsa mata. Ya ƙara shekara huɗu a duniya, Allah ya jiƙansa, kuma duk Sallah da ita muke farawa.

Yanzu kaset ya wuce, na sani. Rediyon makiyaya da fitilun sola da lasifikun biki su ke riƙe da shagon, kuma har gobe mutanen akwati ke wanke mini aiki. Kwanan baya ɗayanku ya zo karɓar lasifika ya ji ina gwaji, ya kara wayarsa, kafin in ɗaure kusa ta nuna masa sunan matar da hotonta. Ya faɗa mini sunan, na maimaita sau biyu, kafin la'asar ya ɓace mini. Ya sa mini waƙar daga wayar. Sauti tas, ba ƙura ba tsatsa, har na ji wani mai busa can baya da ban taɓa sanin yana nan ba. Da ta ɗauki numfashi za ta hau, na karkata kai ina jira. Ta hau ta sauko, ba saniya.

Ya ce, "Baba Labbo, ya ka ji?"

Na ce, "Ta yi kyau, ɗana. Amma taka ba ta cika ba."